Ɗiyar Madam a Layin Baya

Shekarar da aka kawo mana tabilet a lakol, wato makarantar boko, ina da shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a Dakoro, kuma da an tambaye ni a lokacin, da na rantse babu yaron da ban san cikinsa ba a ajina. Aji biyar nake riƙe da shi, wanda muke ce wa CM1, yara sun haura saba'in. Allah ya ba ni murya, har direkta, shugaban lakol ɗin, yakan ce in ina darasin karatu ana jiyo ni daga kasuwar dabbobi. Nakan karanta layi ɗaya, yara su maimaita gaba ɗaya, rufin kwano ya amsa. A wurina wannan shi ne karatu, kuma ban taɓa jin wani ya ce ba shi ba ne.

Wata ƙungiya ce ta kawo tabilet ɗin, aka yi kwana uku ana koya mana aiki da ita. Aikin ba shi da wuya. Yaro ɗaya zai zauna kusa da kai, rubutun faransanci ya fito a fuskarta, ya karanta a fili, kai kuma ka taɓa duk kalmar da ya kuskure. Abin da ya raba ta da jarrabawar da muka saba shi ne ba kowa take ba abu iri ɗaya ba. In yaro ya ci, ta ɗaga shi zuwa abin da ya fi wuya. In ya faɗi, ta sauko da shi: daga gajeren labari zuwa jimla, daga jimla zuwa kalma, daga kalma zuwa gaɓa, har zuwa haruffa tsirara. Ba ta rabuwa da shi sai ta gano daidai inda ƙafarsa ta taka ƙasa. Daga nan ta ba shi launi, tsanwa ga gwanaye, ɗorawa ga na tsakiya, ja ga na ƙasa. Sau uku za a yi a shekara, farkon shiga, da tsakiya, da dab da babban hutu, don a ga wanda ya motsa da wanda ke nan inda aka bar shi.

Ni kam dariya na yi. Na ce wa mushen aji shida, wato malaminsu, wanda ajinsa ke jikin nawa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ba sai wani madubi ya zo ya faɗa mini wanda ya iya karatu a ajina ba. Ya ce to, mu dai gani.

A cikin yaran nan saba'in akwai ɗiyata ta fari.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai na yi masa bayani. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Ni na yi boko, ina ɗaura agogo, ina gyara wa mutane faransanci, amma a wannan fanni ɗiyar uwata ce ni ba ragi. Ana yaye yarinyar, uwar mijina ta zo ta goya ta, ta tafi da ita ƙauyensu can wajen Ɗan Gulbi, ban ce uffan ba. Shekara shida tana can. Da ta kai takwas na yi ta zagaye-zagaye a gaban mijina, ina cewa yaran zamani sai da lakol, ba tare da na ce wace yarinya nake nufi ba, har ya gane ya je ya roƙo ta. Tsohuwar ta bayar, amma ta ce aro ne. In lakol ta karɓe ta, to. In ba ta karɓe ta ba, a maido mata abinta.

Yarinyar tana kiran kakarta Inna. Ni kuwa Madam take ce mini, a lakol da gida duka. In zan kira ta sai in ce “ke”, in zan yi maganarta in ce “yarinyar nan”.

Da ta iso aji huɗu ta faɗo hannuna, na kuma biyo ajin zuwa na biyar. Ranar farko na kai ta layin baya, can jikin bango, don kada wani ya ce Madam ta fifita tata. Ban taɓa fiddo ta gaban allo ba. In ina kiran suna na zo kan nata, sai in tsallake, in ɗaga ido in ga tana nan, in yi alama. Littafinta kuwa tsaf, rubutu kamar an zana, don duk abin da na rubuta a allo sai ta kwafe shi ba kuskure. In ana maimaita karatu gaba ɗaya, bakinta na tafiya daidai da na kowa. Malaman da suka riƙe ta kafin ni duk sun wuce da ita, sun ɗauka ɗiyar Madam ai ana koya mata a gida. Ni kuma a gida na ɗauka an koya mata a lakol.

Gwajin farko mako guda ya ɗauke ni, a ƙarƙashin itacen bedin da ke bakin ajina, yaro bayan yaro. Tun rana ta biyu dariyata ta ƙare. Yaran da nake alfahari da muryarsu, tabilet ta yi ta saukowa da su kamar mai sauke kaya daga kan jaki. Da layi ya zo kan yarinyar nan, na roƙi mushen aji shida ya yi mini, don ba zan iya zama kafaɗa da kafaɗa da ita a gaban yara ba. Na shiga aji na tsaya bakin taga ina yi kamar ina duba littattafai.

Ta zauna, labari ya fito. Ta ƙura masa ido. Sai na ji ta fara, murya garau, ba gargada, har zuciyata ta fara sanyi. Ban kai ga sauke numfashi ba na gane abin da take faɗi: darasin da muka yi makon jiya ne daga littafin aji, tana zubo shi daga ka, ba shi da haɗi da abin da ke gabanta ko kaɗan. Mushe ya ɗago kai ya dube ta, ya dubi tabilet, ya taɓa. Jimla ta fito, ta yi shiru. Kalmomi suka fito, ta yi ta cinta. Gaɓoɓi suka fito. Daga ƙarshe haruffa, ɗaya bayan ɗaya, manya-manya, irin waɗanda ake nuna wa ƴan aji ɗaya. A cikinsu ma kusan rabi ne kawai ta sani. Shekararta goma sha biyu.

Mushe ya kawo mini tabilet ɗin bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce wataƙila hasken rana ne ya hana ta gani sosai. Na ce wataƙila. Na koma na yi darasin lissafi har aka tashi, ban san abin da na rubuta a allo ba. Kusan rabin ajina ja suka samu, amma ba zan yi ƙarya ba, ran nan ba ni da wurin ƴaƴan kowa a zuciyata. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta, don na san abin da jan nan yake nufi a gidana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An tara iyaye aka faɗa wa kowa launin ɗansa, mijina yana cikinsu. Shi dillalin dabbobi ne, mutum ne mai yarda da abin da aka auna. Da ya dawo ya zauna a kan tabarma ya ce shekara huɗu ke nan, ko ɗan akuya aka ɗaure shekara huɗu a bakin lakol ya ci a ce ya san wani abu. Tsohuwa idonta ya fara rauni, duk ranar kasuwa sai ta aiko a tuna masa da aronta. Ya ce mako mai zuwa zai sa yarinyar a mota.

Ban taɓa yi masa gardama a kan yarinyar nan ba, don yin hakan ma rashin kunya ne. Ran nan na durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, na ce ya ba ni zuwa ƙarshen shekara. Shi kansa abin ya ba shi kunya, ya kawar da kai yana gyara hularsa.

Ya ce, “Tashi, don Allah. Na ji. Ba tsanwa na ce ba. Ta dai hita daga ja a gwajin ƙarshe. In ta hita, ni zan tahi in ba tsohuwa haƙuri. In ba ta hita ba, kar ki sake yi mani maganar.”

Na ce na yarda. Ya aika wa tsohuwar da wannan sharaɗi, ita ma ta ce ta ji.

To, yaya ake koya wa yaron da ba ka iya kallon idonsa? Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, kusa da turken awaki, inda ba kowa ke leƙowa ba. Mu zauna gefe da gefe, ni ina kallon katanga, ita tana kallon katanga. In zana harafi a rairayi da karan hatsi in tambaye ta, ta yi shiru. Ba don ba ta sani ba kullum. Wani lokaci na san ta sani, amma bakinta ba ya buɗewa a gabana. Kunyar da na shuka ce ta tsiro, ta kuma fi tawa ƙarfi. Ni da nake da haƙurin ƴaƴan mutane saba'in, a kan tabarmar nan haƙurina bai wuce na ɗan lokaci kaɗan ba. Na yi mata tsawa. Wata rana na make ta da karan da ke hannuna har ya karye. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki guntun karan ta ajiye gefe, ta ci gaba da kallon katanga. Ni ce na shiga ɗaki na yi kukan.

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta gan mu, kafin magariba unguwa ta ji cewa Madam ta zama nasara, wato Baturiya, tana zama gwiwa da gwiwa da ɗiyar fari. A gidan suna wata ta tambaye ni, tana dariya, ko na fara goya ta ne zuwa lakol. Na yi dariyar ni ma, na dawo gida.

A aji na samu dabara. Tabilet ta rarraba yara gida-gida, ta ce masu ja a haɗa su wuri ɗaya a koma da su kan haruffa. Na kwaso su duka zuwa gaba, har da ita, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa ba ni na ce ba, tabilet ce ta ce. Na tara marafen kwalaben lemo na rubuta haruffa a cikinsu, yara suna haɗa biyu su fitar da gaɓa. A cikin taron masu ja bakinta ya fara buɗewa, don ba ita kaɗai nake kallo ba. A nan na gano yarinyar nan tana da kunne irin wanda ban taɓa gani ba. Abu sau ɗaya take ji ta riƙe. Kaifin kunnen ne ma ya ɓoye ta shekara huɗu, da ba ta da shi da tuni wani ya kama ta.

Gwajin tsakiya mushe ne ya sake yi mata. Haruffa duka ta wuce, gaɓoɓi ta ci mafi yawa, aka ɗaga ta zuwa kalmomi ta tsinci kaɗan. Tabilet tana zana wa kowane yaro ɗan layi daga gwajin baya zuwa na yanzu, nata layin ya ɗaga kai sama sosai. Na roƙi direkta ya bar ni in je da tabilet ɗin gida, na nuna wa mijina layin. Ya duba da kyau, ya ce madalla, amma ja dai ja ne.

Kafin yaro ya fita daga ja sai ya karanta gajerun jimloli kafin lokacin da aka ɗiba ya cika. Wata uku suka rage mini, kuma watannin bazara ne, lokacin da rufin kwano ke gasa yara har kai ya yi nauyi. Na zama kamar mahaukaciya. Ana sallame sallar asuba in zaunar da ita. In za ta ɗauko gwangwanin tumatir sai ta karanta mini abin da ke jikinsa. Buhun shinkafa, kwalin sabulu, takardar magani, ba abin da na ƙyale. Ni da nake yi wa iyayen yara wa'azi cewa karatu ba a sha, na je wurin malami na karɓo mata rubutun buɗe ƙwaƙwalwa, na tsaya a kanta har ta shanye. Na rame, zanena ya fara zamewa. Ita kuma ta koyi daɗewa a wurin ɗiban ruwa, in ta tafi da bokiti ɗaya sai rana ta yi nisa.

Tana ƙaruwa, wannan ba shakka. Kalmomi sun fara zauna mata. Amma jimla, kafin ta kai ƙarshenta ta manta farkonta, ta koma, lokaci ya cika. Kullum nakan lissafa kwanakin da suka rage, kullum lissafin ba ya fita. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa shekara huɗu na bari ta wuce ina tsallake suna.

Kwana uku kafin gwajin ƙarshe na yanke shawara. Tabilet ba ta da kunne, hannun malami ne kunnenta. Abin da ban taɓa ba, a wurinta daidai ne. Da mushe ya tambaye ni ko ya zo ya yi wa yarinyar kamar yadda ya saba, na ce ya bari, yana fama da ƴan jarrabawarsa, zan yi da kaina. Ya dube ni, ya koma ajinsa.

Na bar ta ta zama ta ƙarshe, ranar ƙarshe, bayan na sallami sauran. Muka zauna a gindin bedi mu biyu. Tabilet ta fara mata daga inda ta tsaya wancan karo, wato kalmomi. Ta karanta goma, ta kuskure uku, ban taɓa ko ɗaya ba. Aka ɗaga ta zuwa jimloli. Ta yi ta tuntuɓe, nan ta ci, can ta cinta, wata ta tsallake ta gaba ɗaya. Hannuna na kan cinyata. Kafin lokaci ya cika na danna cewa ta gama. Zuciyata ta ce shi ke nan, an fita daga ja.

Abin da ban yi lissafi da shi ba, ni da aka koya wa aikin kwana uku, shi ne tabilet ba ta tsayawa inda kake so. Ta ga yarinya ba kuskure ko ɗaya, ta ɗauka ta samu gwana. Sai ga labari ya cika fuskarta daga sama har ƙasa, ƙananan rubutu, layi a kan layi, irin wanda yara biyar kawai suka kai gare shi a duk ajina.

Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko ta fitar da ita da ƙyar. Ta biyu ma haka. A ta uku ta tsaya. Na duba hagu da dama, ba kowa sai awakin da suka shigo filin lakol. Na raɗa mata kalmar. Ba ta maimaita ba. Na sake raɗawa. Sai ta janye yatsanta, ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka dawo da ita.

Ta ce, “Madam, wanga ba nawa ba ne.”

Na ce ta karanta kawai, zan taimake ta.

“Ban iya ba. Kin san ban iya ba. Na ga hannunki tun ɗazu, ba ki taɓa komi ba.”

Na ce, “Ke, kin san in ta hwaɗi gaskiya tahiya za ki yi?”

Ta ce ta sani. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, sannan ta ƙara, a hankali, ba da fushi ba: “Wurin Inna ba abin da ban iya ba.”

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. A can ita ke sanin akuyar da za ta haihu, ita ke dama furar da tsohuwa ke yabawa, a can ana kiran sunanta sau ɗari a wuni ana yi mata kirari. A wurina kuwa shekara huɗu tana motsa baki, wata bakwai kuma tana shan tsawa. Ina iya ƙarasa gwajin ba tare da ita ba, in danna ta gama, in danna ta amsa tambayoyi, a ba ta tsanwa ma. Ba mai ganina. Amma badi tabilet za ta fara mata daga wannan labarin, wataƙila a gaban wani malami, ta sake zama ta yi shiru ana saukowa da ita mataki-mataki. Kuma ko ba wannan, ita ta riga ta ga hannuna.

Na soke gwajin, na sake daga farko. Na ce mata wannan karon duk abin da ta kuskure zan taɓa. Ta gyara zama.

Ban taɓa jin ta yi karatu kamar na ran nan ba. Kalmomi goma ta kuskure ɗaya, na taɓa ta. Aka ɗaga ta zuwa jimloli da ƙarfinta, ba da hannuna ba. Ta karanta ta farko, ta biyu, ta uku, tana haɗa gaɓoɓi a ƙarƙashin numfashi kafin ta fitar, gumi na bin wuyanta. Ina ta addu'a a zuci, ya Allah ka tsayar da lokacin nan. Tana tsakiyar ta huɗu lokaci ya cika. Tabilet ta sauko da ita, ta sake gwada ta, sannan ta yanke. Ja, can saman ja, dab da ɗorawa, amma ja.

Na ce mata ta yi ƙoƙari. Shi ne yabo na farko da ya taɓa fita daga bakina zuwa gare ta, kuma ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Ta ɗauki takalmanta ta yi gaba, na biyo ta a baya da nisa kamar kullum.

Na karya alkawari na sake yi wa mijina maganar. Na nuna masa layin, na ce ko wata biyu aka ƙara mata za ta haye, na ce laifina ne ba nata ba, in akwai wanda ya kamata a kora daga lakol ni ce. Na ga shi ma abin ya taɓa shi. Daga baya ya ce magana zarar bunu ce, ya riga ya faɗa wa uwarsa sharaɗi, ta yi wata bakwai tana jira ba ta ƙara aikowa ba, ga shi yanzu ko ƙofar ɗakinta sai ta laluba. Da wane baki zai je ya ce mata a sake sabon lale? Ya ce in idon tsohuwa ya yi sauƙi, ko aka samu wanda zai zauna da ita, sai a duba. Mu biyun mun san ba za a duba ba.

Ta tafi ranar kasuwa, bayan ruwan farko. Uwa ba ta raka ɗiyar fari tasha, ni ma ban raka ba. Ina tsugune a madafa ina hura wutar da ta riga ta kama, ta zo bakin ƙofa da ƙullin kayanta ta ce, “Madam, na tahi.” Na ce to, ki gaida Inna. Ban juyo ba. Na yi nadamar abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba wanda ke dawo mini kamar wannan rashin juyowar. Ƙauyen ba shi da lakol, mafi kusa sai an yi tafiyar da tsohuwa ba za ta yarda yarinya ta yi ita kaɗai ba.

Da aka koma bayan hutu na bi ajina zuwa aji shida. Aka fiddo tabilet don gwajin farkon shekara, na zauna a gindin bedi ina bin suna ɗaya bayan ɗaya. Sunanta na nan a wurinsa, da layinta, an ma shirya mata jimlolin da za ta fara da su. In yaro bai zo ba sai ka zaɓi dalili cikin uku: rashin lafiya, ko an canza masa lakol, ko ya bar karatu. Na zaɓi rashin lafiya. Mako na biyu na sake zaɓar rashin lafiya. Na gwada canjin lakol, tabilet ta ce in rubuta sunan sabuwar lakol ɗin, na zauna ina kallon wurin da ba abin da zan sa. A mako na uku direkta ya ce ranar Juma'a za a rufe gwajin, kowa ya gyara sunayen ajinsa, masu ciwon da ba ya warkewa a san matsayinsu.

Ranar Juma'a da hantsi na danna na ukun. Tabilet ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Sunan ya fita, layin ya tafi da shi, na ƙasa ya hau wurin.

Kafin a tashi zuwa masallaci direkta ya zagayo yana duba sakamakon kowane aji. Ya karɓi tawa ya gyara tabarau, ya bi lambobin da yatsa, ya gwada da na bara. Ya ce madalla Madam, aiki ya yi kyau, jajayenki sun ragu. Na ce na gode, na karɓi tabilet ɗin na sa a jaka.